Yadda ake zaɓen fitilun LED na cikin silin falo

Lokacin zaɓen fitilun falo shi ne kafin mai POP ya hau tsani. Na daɗe ina aikin wayarin a gidajen Kano, kuma galibi sai an gama silin, an fafe ramuka a jere tun daga wannan bango har wancan don zanen ya yi kyau a ido, sannan a kira ni a ce in zo in cike su da fitilu. A nan zaɓi ya riga ya ƙare, ramin ne zai faɗa maka girman fitilar da za ka saya da inda za ta zauna. Rami a jikin POP kuwa ba ya toshewa yadda ake so; ko an cike shi an shafe an yi fenti, da zarar haske ya bi ta kansa sai tabon ya fito.

Saboda haka ka fara da alli. Ka shiga falon tun yana fanko, ka zana a ƙasa inda kujeru za su zauna, inda talabijin za ta tsaya, inda za a rataye fanka, inda ake shimfiɗa ledar cin abinci, da kusurwar da maigida ko Hajiya ke zama su yi karatu bayan sallar asuba. Fitila tana bin mutane ne. Sai ka san waɗannan wurare za ka san yawan hasken da kake nema, daga nan ka sayi fitilun, ka miƙa wa mai POP guda ɗaya a hannu ya auna raminta.

Nawa ne hasken da falo ke bukata?

A kasuwa da wat ake ciniki: "Ba ni mai sha biyu", "ba ni mai sha takwas". Wat tuwon da ɗan ƙwadago ya ci ne, lumen kuwa kunyar da ya nome. Wat yana gaya maka wutar da fitila ke sha, lumen yana gaya maka hasken da take fitarwa, kuma shi ne lambar da ya kamata idonka ya fara nema a jikin kwali. Tsohon ƙwan nan mai zare na wat 60 da muka taso da shi yana ba da lumen 700 zuwa 800. Fitilar LED mai kyau tana ba da lumen 80 zuwa 100 ko ɗan fiye a kan kowane wat ɗaya, wato da wat 8 ko 9 ta yi aikin wancan ƙwan.

Ga lissafin da nake yi a bayan kwalin siminti. Falo na zama da hira yana wadatuwa da lumen 100 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. Wannan awon shi ake kira lux. Ɗauki falo mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5, murabba'in mita 20 ke nan. Ka ninka da 150, ka samu lumen 3,000. Amma ba duk hasken da ya fito daga silin ke isa ƙasa ba, bango da labule da kujeru suna shanye wani, ƙura ma tana rage wani bayan 'yan watanni. Don haka nakan ƙara rabi a kai, ya zama 4,500. Fitilu takwas masu lumen 600 kowace, wato masu wat 7 na gaskiya, sun biya wannan bukata har da rara. In fentin bangon mai duhu ne, ga labule mai kauri ruwan ƙasa, ga jan kafet, ka kai lissafin 5,500 ko 6,000. In bango fari ne ƙal ga tayil mai haske, fitilu shida ma sun isa.

Ka kwatanta wannan da abin da aka saba yi: fitilu goma sha biyu masu wat 18 a falo irin wannan. Ko da rabin abin da aka rubuta a kwalinsu suke bayarwa, hasken ya wuce kima nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka shiga gida mai silin na alfarma ka tarar ba a kunna su sai in an yi baƙi, iyalin gidan kuwa suna zaune da ƙwai ɗaya a jikin bango.

Wurin karatu daban yake. Idon mai karatu yana son lux 300 zuwa 500 a kan shafi, kuma idon dattijo ɗan shekara 60 yana bukatar ninki biyu ko fiye na hasken da ya ishi saurayi. Kada ka ƙara hasken falo gaba ɗaya saboda kusurwa ɗaya. Ka ware mata fitila guda mai makunninta, ko ka ajiye fitilar tsaye kusa da kujerar.

Wata matsala kuma ita ce ƙaryar kwali. Na sha ɗora fitilar da aka rubuta wa wat 18 a kan ma'aunin wat in ga tana shan abin da bai kai goma sha ɗaya ba. Hanya mai sauƙi ta gane mai cika baki: ka raba lumen ɗin da aka rubuta da wat ɗin. In ya faɗo tsakanin 80 da 110, maganar tana kan hanya. In ya fito 180 ko 200 a fitilar da ake sayarwa da arha, ajiye ta. In kuma ba a rubuta lumen ba sam, mai ita ya san dalili.

Launin haske

Nan ne muka fi yin gardama da masu gida. Ana auna launin haske da lambar da ke ƙarewa da harafin K. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ruwan ɗorawa, irin na tsohon ƙwai. 4000K fari ne mai taushi. 6500K fari ne fat mai sirkin shuɗi, kuma shi ya cika shagunanmu, don mutanenmu suna ganin shi ne mai "ƙarfi", mai ruwan ɗorawa kuma suna ce masa zafi gare shi. Ba zafi ya fi ba. Fitilar wat 7 zafinta ɗaya ne ko wane launi take fitarwa. Ido ne kawai yake tuna tsohon ƙwai.

Ra'ayina a fili: 6500K na shagon magani ne da garejin gyaran mota. A falo yana sa fuska ta yi toka-toka, kuma da daddare yana hana jiki sakewa. Wanda ya fi karɓuwa a gidajen da na yi aiki shi ne 4000K, saboda ya yi fari yadda masu gida ke so, bai kuma yi kaifi ba. Wanda falonsa ke da katako, ko kujeru masu ruwan zinare, ko fenti ruwan madara, 3000K ya fi fito masa da su. Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa a ɗakin gaba ɗaya. Kada fitilun rami su zama 4000K, zaren hasken da ke ɓoye a gefen POP ya zama shuɗi, ƙwayayen da ke jikin fitilar tsakiya kuma su zama 2700K.

Akwai masu launi uku da ake canjawa da kashewa da kunnawa. Suna burge mutum a shago. Matsalarsu ita ce kowace da nata ƙidayar a ciki, to da zarar wuta ta ɗan ƙyafta ko yaro ya yi wasa da makunni sai wasu su tsallake, ka wayi gari biyar fari uku ruwan ɗorawa. Ana daidaita su, amma aiki ne da ba ya ƙarewa. Ni ba na sa su a falo in ba mai gida ya nace ba.

Bayan K, akwai wata lamba da mutane kaɗan ke dubawa, wadda ake rubutawa CRI ko Ra. Tana nuna yadda fitila ke fito da launin abubuwa na ainihi, daga ƙasa har zuwa 100. Farar fitilar LED asalinta shuɗiya ce. Masana uku haifaffun Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka samu kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin LED ɗin. Ana shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa a kai, haɗuwarsu ta ba da fari. In aka yi rowar sinadarin mai kyau, ja ne launin farko da ke mutuwa. Sai ka ga jar miya ta koma ruwan ƙasa a kwano, jan lalle ya dushe a hannun amarya, shaddar da aka saya da tsada ta rasa ƙyallinta. Kada ka karɓi ƙasa da 80. In aljihu zai ɗauka, nemi 90. Bambancin ya fi fitowa a fatar mutane da hotunan da ake ɗauka ranar suna ko sallah. In za ka kasuwa, ka sa ƙyallen jar atamfa a aljihu, ka ɗaga shi ƙarƙashin kowace fitilar da aka kunna maka.

Shafaffiya ko mai zurfi

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai shafaffiyar nan mai kama da faifai, siririya, wadda fuskarta gaba ɗaya ke haske. Ita ce mai arha, tana watsa haske ko'ina, kusan digiri 110 zuwa 120, kuma ba ta bukatar sarari mai yawa a saman silin. Aibinta kashe ido: duk inda ka zauna a ɗakin kana ganin farin faifanta. Sai kuma mai zurfi, wadda ƙwayar haskenta ke can ciki, sai ka zo kusan ƙarƙashinta za ka gan ta. Ta fi tsada, tana son zurfin santimita 6 zuwa 10 a sama, amma hasken yana sauka a kan kaya da mutane ba tare da ya soki ido ba.

A falon Bahaushe wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mu ba kan kujera kawai muke zama ba. Ana kishingiɗa a kafet bayan an ci abinci, ana kwantar da jariri rigingine a tsakar ɗaki, tsoho yana jingina da filo fuskarsa sama. Duk waɗannan silin suke kallo. Don haka in kuɗi ba zai kai a sayi masu zurfi duka ba, a sa su a saman wurin zama, shafaffun su tafi wajen ƙofa da lungu.

Mai zurfi tana zuwa da faɗin haske daban-daban, kuma ana rubuta shi da digiri. A silin mai tsawon mita 3, wato kusan ƙafa goma, mai digiri 24 tana zana da'irar da faɗinta bai wuce mita ɗaya da kwata sosai ba a ƙasa, mai digiri 36 kusan mita 2, mai digiri 60 kusan mita 3 da rabi. Don hasken ɗaki gaba ɗaya, 60 nake so. In ka cika falo da masu 24 za ka samu tabo-tabon haske a ƙasa da duhu a tsakaninsu. Matsattsun amfaninsu haska abu guda ne, misali hoton Ka'aba a bango ko kabad ɗin kwanuka, kuma a nan sai ka nemi wadda kanta ke juyawa.

Inda za a fafe ramukan

Ka bar santimita 60 zuwa 90 tsakanin fitila da bango. A wannan tazara hasken yana wanke bangon, bango mai haske kuwa shi ke sa ɗaki ya yi faɗi a ido. In ka matsa kusa sosai, duk wani tudu da kwarin da magini ya bari a filasta zai fito fili. Tsakanin fitila da fitila kuma, mita ɗaya da rabi ya yi wa silin mai mita 3 in masu digiri 60 ne ko shafaffu.

Kada fitila ta zauna daidai tsakar kan wanda ke kujera. Haske daga sama kai tsaye yana jefa inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hanci, baƙonka ya zama kamar wanda ya kwana bai yi barci ba. Ka matsar da ita gaba kaɗan, wajen gwiwar mai zama.

Sai fanka, wadda ita ce aka fi mantawa. In fitila tana saman fikafikan fanka, duk juyi ɗaya sai fiffike ya yanke hasken, ɗakin ya riƙa walainiya. Mutum zai zauna minti kaɗan kansa ya fara sarawa bai san dalili ba. Fankar da aka fi sa wa a falo mai inci 56 ce, faɗinta mita 1.4, wato santimita 70 daga tsakiya zuwa bakin fiffike. Ka nisanta kowace fitila aƙalla mita ɗaya da kwata daga tsakiyar fankar, shafaffu ma fiye da haka tunda haskensu yana bazuwa gefe. In fanka biyu ce a falon, ka fara zana da'irorinsu a takarda, sannan ka nemi wa fitilu wuri a abin da ya rage.

Wajen talabijin kuma, kada a sa shafaffiya a inda hotonta zai faɗa cikin gilashin. Gwaji mai sauƙi: ka jingina madubi a inda talabijin za ta tsaya, ka zauna a gurbin kujera, duk ɓangaren silin da ka hango a madubin, nan ne ba a son fitila mai kashe ido.

Makunni ɗaya ba ya isa

Ko fitilu takwas ne, raba su gida biyu ko uku. Na gefen bango a makunni ɗaya, na saman wurin zama a wani, ta wurin karatu ita kaɗai. Kuɗin ƙarin waya kaɗan ne in aka yi tun kafin a rufe silin. Da wannan, daren da ake kallo sai a kunna biyu ko uku, ranar taro a kunna duka.

Amfaninsa ya fi bayyana ga mai inbata. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da kimanin wat-awa 2,400, kuma in irin na ruwa ne ko na jel, rabi ake so a ci don ya daɗe. Fitilu takwas masu wat 7 jimlarsu wat 56, wannan rabin zai riƙe su kusan awa 20. Goma sha biyu masu wat 18 kuwa wat 216 ne, awa biyar da 'yan kai sun cinye shi, ba a kunna fanka ba tukuna. Mai mitar wuta ma yana ji a jikinsa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit. A wannan farashi, awa shida kullum, tsarin farko yunit 10 ne a wata, naira dubu biyu da 'yan ɗari. Na biyu kusan yunit 39, ya doshi naira dubu tara.

Mai son makunnin da ke rage haske da ƙara shi, ya tabbata an rubuta a kwalin fitilar cewa tana karɓar ragewa, makunnin kuma na LED ne. In ba haka ba sai ƙugi da ƙyaftawa. Kada kuma a yi amfani da abin rage gudun fanka a madadinsa.

Abin da ke kashe fitila

Kwali zai ce maka awa 25,000, wani ma 50,000. Ma'anar wannan lamba yawanci ita ce lokacin da hasken zai ragu ya koma kashi 70 cikin 100 na farko. Awa 25,000 a kan awa biyar kullum ya haura shekara 13. To me ya sa ake canja su bayan damina ɗaya? Saboda ba ƙwayar hasken ce ke fara mutuwa ba, ɗan akwatin nan ne da ke bayanta, direba, wanda wasu ke kira cok. Shi ke karɓar wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita irin wadda ƙwayoyin ke ci. Abu biyu ke gamawa da shi, zafi da wutar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

A cikin direba akwai kafasita mai ruwa a ciki, kuma ƙa'idar da masu wannan sana'a suka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Yanzu ka tuna Kano a watan Afrilu da Mayu, a waje ma zafi yana kai digiri 40, balle tsakanin kwano da silin inda iska ba ta motsi. Can direban yake kwance. Shi ya sa nake cewa a ɗaga fitila a ji nauyinta. Mai jikin almuniyam mai kauri, da 'yan tsage-tsage a baya, tana fitar da zafi. Mai jikin roba mara nauyi tana riƙe shi. Shi ya sa kuma fitilu masu ƙaramin wat suka fi daɗewa a ƙarƙashin kwano: mai wat 7 ba ta dafa kanta yadda mai 18 ke yi. In za a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, a bar wa kowace fitila fili, kada a lulluɓe ta.

Game da wuta, karanta abin da aka rubuta a jikin direban. Wani za ka ga 220–240V, wani 165–265V, wani 85–265V. Wanda yake unguwar da wuta ke zuwa da rauni da yamma, ko yake yawan komawa kan janareta, na ƙarshen nan zai nema, domin haskensa ba ya raguwa ko wutar ta faɗi ƙasa sosai. Wuta mai ƙarfi fiye da kima kuwa, irin wadda ke shigowa lokacin da aka dawo da ita ko aka yi tsawa, ba direban da ke jure mata har abada. Maganinta a allon rarraba wuta yake: a sa na'urar da ke yanke wuta in ta haura ko ta faɗi, mai ɗan jinkiri kafin ta mayar, tare da na'urar tare tsawa in gidan yana da waya ta ƙasa mai kyau. Ga shi kuma suna kare firiji da talabijin.

Tunda direba ne ke mutuwa, ka sayi fitilar da direbanta yake daban, mai ɗan maƙali da ake cirewa da hannu. In ya mutu sai a canja shi kaɗai, muddin sabon ya yi daidai da tsohon a lambar mA da iyakar bolt da ke rubuce a jikinsa. Wadda aka haɗe komai a allo ɗaya, in ta mutu sai shara. Akwai hanya ta uku da nake so ƙwarai: gida mai ɗaukar ƙwan GU10. Gidan ƙarfe ne kawai da ke zama a silin, ƙwan mai faɗin milimita 50 ana murɗa shi a cire. Yana aiki da wutar gida kai tsaye, in ya mutu ko ka gaji da launinsa ka canja da kanka ba tare da an taɓa POP ba. Kada a rikita shi da MR16 mai siraran ƙafafu biyu, wanda galibi bolt 12 yake ci, sai da taransifoma.

A shago

Mafi yawan fitilun da ke Sabon Gari a Kano ko kasuwar Alaba a Legas daga Sin suke zuwa, da yawansu daga garin Guzhen na lardin Guangdong, wanda ya shahara da wannan sana'a. Can ana ƙera mai kyau ana ƙera na banza, gwargwadon kuɗin da ɗan kasuwa ya biya. Don haka "ɗan Sin ne" ba aibi ba ne, sunan babban kamfani a kwali kuma ba hujja ba ne, tunda manyan sunaye su aka fi yi wa jabu. Gwaji shi ne hujja.

Ka ce a kunna maka. Ka buɗe kyamarar wayarka ka haska fitilar, in da hali a tsarin ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya. In ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, fitilar tana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido bai gani amma yana gajiya da shi. Direba mai kyau ba ya nuna wannan, ko ya nuna kaɗan ƙwarai. Ka bar ta a kunne kuna ciniki, sannan ka taɓa bayanta: ɗumi a jikin ƙarfe alama ce zafin yana fita. Ka kasa kunne ko tana ƙugi. Ka duba sifirin biyu da ke riƙe ta. Mai tauri fiye da kima yana gutsure bakin POP duk lokacin da aka ciro ta, mai laushi kuma yana barinta ta saki baki.

Ka duba faɗin ramin da aka rubuta, wanda ya bambanta da faɗin fuskar fitilar. Masu zurfi da yawa ramin milimita 75 ko 90 suke so. Shafaffu kuwa yawanci mai wat 6 tana neman wajen 105, mai 12 wajen 155, mai 18 sama da 200, amma kamfani da kamfani suna saɓawa, shi ya sa na ce a kai wa mai POP ita kanta fitilar. Ƙaramin rami ya fi, don gobe ana iya faɗaɗa shi. In rufin falon na siminti ne, wato dakin, ba a yi masa silin a ƙasa ba, babu wurin rami, sai ka nemi irin wadda ake ɗaurewa a fuskar siminti.

A cikin falo, mai lambar IP20 ta wadatar. Wadda za ta fita baranda ko ta shiga banɗaki a nemi IP44 ko sama. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Duk da haka, ko a falo na fi son mai rufaffen baya, saboda ƙurar hunturu da ƙananan ƙwarin damina suna shiga buɗaɗɗiya su taru a kan farin murfin, a riƙa ganin ɗigo-ɗigon baƙi in an kunna.

Ka saye su duka rana ɗaya daga kwali ɗaya, ka ƙara biyu na ajiya da direbobi biyu. Ko kamfani ɗaya ne, 4000K na bana yana iya ɗan bambanta da na baɗi, kuma a silin ɗaya ido yana kama wannan bambanci nan take. Ka karɓi rasit, a rubuta maka tsawon garanti a jikinsa.

Ranar ɗaurawa

A bari sai an gama fenti kuma silin ya bushe. A kashe wuta daga allon rarrabawa, a kashe inbata ma, domin layin fitilu galibi a kanta yake, mutum zai zaci ba wuta alhali akwai. Wayar tagulla mai murabba'in milimita 1.5 ita ce ta layin fitilu. Kowane haɗi a yi shi da maƙalin waya, kada a murɗe a naɗe da salatif, don zafin saman silin yana sakin gam ɗin cikin 'yan watanni. A bar wa kowace fitila rarar waya kamar taƙi ɗaya yadda za a iya sauko da ita a duba. Direba kuma a ɗora shi a gefe kan silin, kada a bar shi yana lilo ko kwance a kan bayan fitilar.

In an gama, ka kashe makunni da daddare ka duba sama. In fitilun suna ɗan haske dishi-dishi bayan an kashe, yawanci makunnin an ɗora shi ne a kan wayar dawowa maimakon mai ɗauke da wuta, ko kuma makunnin mai ɗan ƙwan nuni ne da ke barin wuta kaɗan ta wuce. Na farkon haɗari ne ga duk wanda zai taɓa fitilar yana zaton a kashe take, don haka ka sa mai wayarin ya gwada da abin gwaji ya juya wayoyin kafin ka sallame shi.